Duwatsun Tudun Yakubu

Jamus, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Kawuna Malam Nababa,

Assalamu alaikum. Ina fatan an yi Sallah lafiya. Ya ƙafar Inna Juwairiyya? Ina gaida uwargidanka Hajiya Huseina da Yaya Zubair da iyalinsa. Ni lafiya lau, aikin asibiti muna ta fama, sanyi kuma ya fara sassautawa. Na san ba ka sauraron saƙon murya, ka ce maganar da ba a rubuta ba iska ce. To ga takarda, na ɗauki hotonta na turo ta wayar Hajiya.

Kawu, tambaya ce ta kawo ni. A ƙasar nan akwai wata al'ada. Za ka ga ɗan dutse mai fuskar tagulla an dasa shi a ƙasa, a ƙofar gida, da sunan mutum a jiki. Na mutanen da gwamnatin wancan zamani ta kwashe daga gidajensu ta kashe ne lokacin yaƙin duniya na biyu, yawancinsu Yahudawa. Mutanen gari ne ke haɗa kai su binciko sunayen, su dasa, duk shekara su zo su goge.

Wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Renate ta aiko da cigiya ga ƙungiyarmu ta 'yan Kano mazauna nan. A garinsu sun dasa na wata mata da 'yarta, saura na ɗanta, Jakob Sternau. Shi ya tsere kafin yaƙi, ya samu aikin gyaran sikeli da wani kamfanin sayen gyaɗa. Abu na ƙarshe da aka gani daga gare shi hoto ne, yana tsaye gefen buhuna, an rubuta sunan garinmu Zakirai a baya. Daga nan shiru.

Ina karanta wannan sai wani abu ya faɗo mini. Jakob ai Yakubu ne. Kuma ka san tsibin duwatsun nan na ƙarƙashin ɗorawa a gonar kakanmu Malam Abdulkabir, wanda ake kira Tudun Yakubu, inda ake hana mu wasa muna yara, wai akwai aljanu. Wane Yakubu ne? Ni dai ban san wani Yakubu a danginmu ba. Kuma ƙasarmu rairayi ce, ko dutsen jifan kare sai ka nema, to ina aka samo tsibi guda?

Za su kafa masa dutse da sunansa a ƙarshen Yuli, kuma suna so su san ainihin inda yake kwance. Don Allah ka tambayar mini Inna Juwairiyya, ita ce babba a cikinku. Ga hoton nan na haɗa.

'Yarka,
Aina'u

Unguwar Gawo, Zakirai, 21 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Aina'u,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta da tabarau biyu saboda rubutunki har yanzu kamar kaza ta yi tono. Muna lafiya. Zafi ya yi zafi, ƙafar Yaya Juwairiyya sai a hankali, amma bakinta lafiya lau.

To, Malama mai bincike. Na yi shugaban makaranta har na gaji na ajiye, ban taɓa jin an binne Bature a gonarmu ba. Mahaifinmu na kan gan shi yana jefa dutse a wurin in ya dawo daga fatauci, kuma kowa ya san alamar iyaka ce. Yakubu kuwa ko'ina akwai shi, a ajina kaɗai na koyar da Yakubu ya fi a ƙirga.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Da aka raba gonar bara, ɓangaren ɗorawar ya faɗa wa Zubair, a matsayin rabon mahaifinsa, yayanmu Lawan. Kin san yadda gona ta koma a nan, abin da kakanki ya noma shi kaɗai yau gida shida ke ci. Rabon Zubair ɗan tsiri ne, tudun nan kuma ya cinye masa kunya da yawa. Dama ya yi niyyar kwashe duwatsun ya zuba a harsashin ɗakin da yake ginawa, ya huɗe wurin da damina.

Na karanta masa takardarki. Da muka zo inda kika ce za su kafa dutse da suna, kuma suna so su san ainihin wurin, sai ya miƙe tsaye. Ya ce, "Baffa, yau dutse, gobe katanga, jibi a ce gonar ta gwamnati ce." Ban ga laifinsa ba. Mu ko kabarin iyayenmu ba ma yi wa gini, balle mu bar baƙi su zo su yi mana a tsakiyar gero. Ya ce kafin su iso zai share wurin tas.

Sannan ki duba lokacin da ake ciki. Kullum mutane na ganin gawar yaran Gaza a waya, zuciya ta ƙuna. Kina so in tashi a ƙofar masallaci in ce muna gadin kabarin Bayahude? Ki bar maganar nan, ki kama aikinki. Yaya Juwairiyya ban tayar mata da hankali da wannan ba.

Kawunki,
Nababa

Jamus, 24 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Ni ma lafiya, sai dai takardarka ta hana ni cin abinci.

Kawu, da girmanka da tabarau biyu, ba ka fahimce ni ba! Ba wanda zai zo Unguwar Gawo. Dutsen a nan Jamus za a dasa shi, a ƙofar gidan da aka haife shi, kusa da na mahaifiyarsa da ƙanwarsa. Bai fi tafin hannu ba. Abin da suke nema layi ɗaya ne kawai, na ƙarshe, inda ake rubuta wurin da mutum ya rasu. In ba su samu ba za su rubuta cewa ba a san ƙarshensa ba. Renate ta kusa shekara tamanin, jirgin ƙasa ma da sanda take hawa, ita ce za ta ƙwace gonar Yaya Zubair?

Maganar Gaza kuwa, ni ma ina kuka, na fita zanga-zanga a nan cikin ruwan sama, ka tambayi mahaifiyata. Amma wannan bawan Allah bai kashe kowa ba. Nasa aka kashe, aka ƙone, ko kabari ba su samu ba. Kai ka koya mini a aji huɗu cewa ba a kama wani da laifin wani. In na manta da darasin, ka yi mini bulala. In kai ka manta, wa zai yi maka?

Na je garin ranar hutuna, na ga duwatsun biyu. An bar gurbi a gefensu. Na tsaya ina kallon gurbin nan har mai shagon burodi ya fito ya tambaye ni ko lafiya.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada a taɓa tudun nan sai ka tambayi Inna Juwairiyya. In ta ce ba kowa a ciki, a huɗe, ni da kaina zan aiko da irin gyaɗa. In kuwa da mutum, ka fi ni sanin hukuncin sa garma a kan kabari.

'Yarka,
Aina'u

Jamus, 27 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta kawo shirun nan. Wayar Hajiya Huseina ba ta shiga, ta Yaya Zubair tana shiga ba ya ɗauka. Takardata ta baya ma alamar an buɗe ba ta nuna ba.

Na ga a labarai an yi ruwa a Minjibir. Ni ba baƙuwar gona ba ce, na san ruwa ɗaya mai kyau ya isa a ɗaura wa shanu garma. In fushi kake yi da maganar bulala, na tuba, ka ci ni tara. Amma ka ce mini wani abu. In an riga an huɗe, ka gaya mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Aina'u

Unguwar Gawo, 12 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Aina'u,

Wa alaikumus salam, da barka da babbar Sallah. Kowa lafiya. Ba fushi ba ne. Wayar Huseina ce ta faɗa cikin randa, ta yi makonni a wurin mai gyara a Zakirai. Takardunki biyu tare suka iso mini, ranar da aka yi ruwan shuka. Maganar bulala na ajiye ta sai kin zo.

Na karanta, na ga inda na hau dokin zuciya. Washegari bayan asuba na shiga ɗakin Yaya Juwairiyya. Tana shan kunu. Na ce, "Yaya, wane ne Yakubun da ake kiran tudun gonarmu da shi?"

Ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce, "Sai yau? Na yi aure a Tofa na tsufa a can, na dawo gida na zauna, ba wanda ya taɓa tambayata. Yakubu Mai Sikeli ke nan, abokin Baba."

Ga abin da ta ba ni. Siririn Bature ne mai tabarau, yana bin kasuwanni da kaka yana gyaran sikelin gyaɗa, Hausarsa ta hanci. Ba ya taɓa aiki ran Asabar, ba ya zama da Turawan Kano, a zauren mahaifinmu yake shan fura. Bayan an gama yaƙi labari ya zo masa cewa mutanen gidansu ba wanda ya rage. Sai ya yaga wuyan rigarsa, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa a zauren, ya ƙi tashi. Mahaifinmu ya dube shi ya ce ai wannan zaman makoki ne, kuma ba a barin mutum ya yi shi shi kaɗai. Ya aika aka gaya wa unguwa. Maza suka zo suka zauna da shi suna yi masa ta'aziyya, mata suka aiko da kunu da tuwo, har aka yi bakwai. Ba su san waɗanda suka mutu ba, ba su san ma ina ne Jamus ba.

Na miƙa mata hoton. Ta ture hannuna ta ce idonta ba ya ganin waya. Ta ce, "Ba sai na gani ba. Hanna yake kirana, wai ina kama da ƙanwarsa wajen rashin ji." Ke ba ki rubuto mini sunan ƙanwar ba, sai ki duba.

Shekarar sanƙarau ciwo ya kama shi. Kamfani bai aiko kowa ba, mahaifinmu ya ɗauko shi a jaki ya yi jinyarsa. Kafin ya cika ya ce su a wurinsu in an ziyarci kabari ɗan dutse ake ajiyewa, don a san wani ya zo, kuma uwarsa ba ta da inda za a ajiye mata. Da ya rasu ba dama a kai shi maƙabartar Musulmi, sai mahaifinmu ya yanka masa wuri a gonarsa. Ƙasarmu ba dutse, don haka duk tafiyar da ya yi, Kazaure, Dutse, Zariya, sai ya dawo da ɗaya a aljihu. Maganar aljanu ma shi ya ƙirƙiro ta don yara su daina kwasa suna harbin tsuntsu.

Tana cikin magana Huseina ta leƙo ta ce Zubair ya fita da shanu tun ɗazu. Yaya ta ce a ɗora ta a babur. Na ce ƙafarki fa? Ta ce, "Ƙafar ce za ta yi magana?"

Mun tarar ya cika baro ɗaya da duwatsu, shanu na tsaye da garma. Na yi masa bayanin cewa ba Baturen da zai zo. Ya saurara da ladabi, ya ce, "Baffa, ko da mutum a ciki, ya zama ƙasa tun kafin a haife ni. Ni kuwa 'ya'yana da rai suke, kuma gero suke ci." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Sai Yaya ta ce, "Zubairu, matso. Ubanka Lawan ya tafi yaƙin basasa kana ciki. Ba gawa, ba kabari, sai wani soja ya zo ya ce ya faɗi a bakin wani kogi. Baba bai yi kuka a gaban kowa ba. Amma daga shekarar nan, in ya dawo tafiya, duwatsu biyu yake kawowa. Na tambaye shi, ya ce Yakubu ya koya masa abin da ake yi wa wanda ba shi da kabari. Abin da ka loda a baron nan, rabi na ubanka ne."

Aina'u, Zubair ya haura hamsin, kin san shi, ko a jana'izar uwarsa ban ga hawayensa ba. Ya tsaya yana kallon baron. Ya tambaya, "Wanne ne nasa?" Ta ce, "Wa ya sani? Sun gauraya." Sai ya durƙusa. Bai juye baron ba, ɗaya bayan ɗaya ya riƙa mayar da su da hannu, mu kuma muka ba shi wuri.

Ya yi huɗarsa ranar, amma ya kewaye tudun. Kunyoyinsa sun lanƙwasa a wurin, duk wanda ya wuce sai ya tambaya. Na kuma je wurin liman na faɗa masa komai, a ƙofar masallacin da na ce ba zan iya ba. Ya ce gini dai ba za a yi ba, amma amana amana ce, ko ta wace ce, kuma wanda Malam Abdulkabir ya ba masauki ba mai tashinsa. Wasu sun yi gunaguni. Na ce duk mai magana ya je ya yi da Yaya Juwairiyya, har yau ba wanda ya je.

Ki gaya wa malamar nan ta rubuta Zakirai.

Kawunki,
Nababa

Jamus, 28 ga Yuli

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa, musamman Inna mai hawa babur. Ina lafiya, kuma farin cikina ba ya misaltuwa.

Hanna ne, Kawu. Haka aka rubuta a dutsen ƙanwar. Da na karanta wa Renate takardarka, ina juya mata ita da Jamusanci, da muka zo wurin sai ta cire tabarau ta ce in dakata.

An dasa dutsen ranar Lahadi. Mutanen gari sun taru a titi, 'yan makaranta suka karanta sunaye, aka rufe hanya, mai shagon burodi ma ya fito da gari a hannunsa. Layin ƙarshe ya ce ya rasu a Zakirai, Najeriya. Na duba harafi ɗaya ɗaya don kada su ɓata mana sunan gari, ba su ɓata ba.

Sun ce in yi magana. Na tsaya da mayafina na ba su labarin zaman makokin zaure. Na ce mutanen da suka yi maƙwabtaka da shi a titin nan sun rufe tagoginsu, waɗanda ba su san yarensa ba kuwa sun kawo masa kunu. Ban faɗa don in kunyata su ba, kuma sun gane. Na faɗi sunan Malam Abdulkabir da ƙarfi. Na faɗi na Kawu Lawan ma, na ce shi ma yaƙi ya ci, shi ma ba shi da kabari, kuma suna tudu ɗaya da Yakubu. Ba ya cikin jerin sunayensu, amma suka yi masa shiru kamar yadda suka yi wa sauran. Ka gaya wa Yaya Zubair an ambaci mahaifinsa a gaban jama'a.

Renate ta tambaya me za su aiko wa mai gonar a madadin kunyoyin da ya bari. Na ce zan tambaya, amma na san halinsa.

'Yarka,
Aina'u

Unguwar Gawo, 10 ga Agusta

'Yata Aina'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta yi kyau, gero ya fi ni tsawo. Yaya ta sa na karanta mata takardarki sau biyu, ta ce kin gado bakinta, Allah ya ji ƙan mijin da za ki aura.

Na gaya wa Zubair tayin malamar. Ya ce kakansa bai karɓi ladan masauki ba, shi ba zai fara ba. Abu ɗaya ya ce in roƙa. In za ki zo da Disamba, ki tsinto ɗan dutse daga titin nan, daidai ƙofar gidan, ki taho da shi. Ya ce uwar Yakubu da Hanna su ma a ajiye musu nasu.

Ranar Laraba ya je Kano sayen taki. Ina zaune a bakin hanya na ga ya sauka daga mota, bai nufi gida ba, ya bi ta cikin gero da buhunsa a ka. Ban kira shi ba. Da yamma na zagaya wajen ɗorawa. A saman tudun akwai sababbin duwatsu, da jar ƙasar birni a jikinsu, guda biyu.

Kawunki,
Nababa